Amsa ga mai gidan burodin da ma'aikatanta ba sa jituwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ma'aikatan ƙaramin gidan burodinki sun yi sanyi da aiki, masu kwaɓi da mai gashi kullum suna cikin cacar baki, kina tunanin ko ki sa kyautar gwarzon wata, ko ki sallami masu taurin kai ki ɗauko sababbi. Na daɗe a sana'ar nan, tun daga shafa wa gwangwani mai har zuwa riƙe ma'aikata, kuma a ganina ki dakata da duka biyun tukuna.

Ruwa ba ya tsami banza. Burodi sai ya bi hannu da yawa kafin ya fito: mai awo ya ba mai kwaɓi, shi ya ba masu yanka da mulmulawa, a jera a gwangwani, a jira ya tashi, mai gashi ya karɓa, masu sa leda su ƙarasa. Kuskuren da aka yi a farko kuwa ba ya nuna kansa sai a ƙarshe. In yis ya yi yawa, ko kwaɓin ya ɗauki zafi a inji, zai tashi da wuri, ya wuce lokacinsa, yana shiga tanda ya zube. Wa aka gani riƙe da shi? Mai gashi. Shi zai sha faɗa, alhali ya san ba daga wajensa ba ne, sai dai ba shi da abin da zai nuna. Gobe in ya ga kwaɓi ya lalace zai ja bakinsa ya yi shiru, ya ce bari su ma su gani. Mafi yawan gabar da na gani a gidajen burodi daga nan take tsirowa.

Saboda haka kafin ki sayi kyauta, ki sayi sikeli mai kyau, da ma'aunin zafi, da agogon bango, da littafi. Kowane kwaɓi a rubuta nauyin fulawa da ruwa da yis da gishiri, da zafinsa sa'ad da aka kashe inji, da lokacin da ya shiga tanda da lokacin da ya fito. A kan nauyin fulawa ake lissafa komai: gishiri wajen kashi 2 cikin 100, busasshen yis wajen kashi 1, ruwa kashi 60 ko ya ɗan haura. Ana so kwaɓi ya fito daga inji yana tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma injin kansa yana ƙara masa zafi, shi ya sa ranar da gari ya yi zafi ake kwaɓawa da ruwan sanyi ko ƙanƙara. Ranar da burodi ya zube, ki tara su ki buɗe littafin a gabansu. In an ga kwaɓin ya fito a digiri 31, magana ta ƙare, ba sai an rantse ba, ba sai an nuna wa kowa yatsa ba. Sai a koma kan yadda za a tanadi ruwan sanyi gobe. Farko za su ɗauka tarko kika ɗana musu da littafin nan, don haka kada ki taɓa yanke wa mutum albashi da abin da ya rubuta da hannunsa. In kin yi sau ɗaya, daga ranar ƙarya za a riƙa rubuta miki.

A masana'antar motoci ta Toyota, kowane ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya tsayar da layin aiki in ya ga matsala. Ki ba naki irin wannan damar. Mai gashi ya danna kwaɓin da yatsa kafin ya karɓa: in ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, ya yi, in ya dawo nan take, da saura, in ramin ya tsaya yadda yake, ya wuce. Ya faɗa tun a nan, a gaban mai kwaɓi. Amma fa wanda ya tsayar da aiki, ko da ya jawo jinkiri, godiya za ki yi masa.

Batun kuɗi. Wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna tun 1959 cewa abubuwan da ke sa ma'aikaci ƙorafi daban suke da waɗanda ke sa shi ƙwazo. Albashi da yanayin wurin aiki in sun lalace rai zai ɓaci, amma gyara su kaɗai ba ya sa mutum ya so aikin. Abin da ke sa shi ya so shi shi ne a san da ƙoƙarinsa, a damƙa masa wani abu, ya ga yana gaba. Ni na ga haka da idona. Wanda albashinsa ya makara, duk daɗin bakinki ba ya jin sa. Ki tsayar da ranar biya, kada ta motsa. Sannan ki daina cire kuɗin burodin da ya ƙone daga albashi ba bincike, don sakamakonsa na san shi: za a cusa ƙonannen a ƙarƙashin masu kyau, sai ya isa hannun mai saye kafin ki sani.

Gwarzon wata kuwa, a wurin da mutane ba su fi a ƙirga da yatsu ba, rigima ce za ki saya da kuɗinki. Wa zai ci? Wanda kike gani da rana. Wanda ya kwana yana kwaɓi kina barci ba zai taɓa ci ba. Gara ki ɗora ihisanin a kan rukunin gaba ɗaya: in burodin da ake zubarwa ya ragu a wata, a raba wani kaso na abin da aka tsira da shi, har da mai wanke gwangwani. Ki kuma lura da abin da kike sakawa a kai. In kin biya masu leda bisa yawan abin da suka ɗaure, za su ɗaure burodi da zafinsa, ya yi gumi a ciki, ya yi fumfuna kafin lokacinsa.

Akwai abin da masu gida ke mantawa saboda ba su tsaya a bakin tanda ba: aikin nan yana cin jiki. Ga zafi, ga tsayuwa, ga ɗaukar buhu, ga rashin barcin dare, ga ƙurar fulawa wadda sananniya ce wajen jawo asma ga masu wannan sana'a. Wani sanyin jikin da kike gani gajiya ce kawai. Ruwan sha a kusa, takunkumi ga mai juye fulawa, hutu na gaske tsakanin gashi da gashi, da juya aiki mai nauyi don kada ya zama mutum ɗaya ne kullum a wuta. Juyawar tana da wata riba: mai kwaɓin da ya yi mako a tanda ba sai an yi masa wa'azi kan lokaci ba. Kuma kin huta da mutumin da ya riƙe sirrin haɗi shi kaɗai, ranar da ya yi fushi gida ya tsaya.

Masu dare da masu safe su haɗu na minti goma kafin a yi canji, a duba inji da tebur tare. Rabin faɗan "su suka bar mana datti" zai mutu a nan.

Ke ma da naki. Kada ki ajiye ɗan rahoto a cikinsu, za su gane shi cikin kwana kaɗan, kuma daga nan ba mai sake yarda da wani. In akwai ɗan'uwanki a cikin ma'aikatan, doka ta hau kansa kafin kowa. Gyara ki yi shi a keɓe, yabo a gaban jama'a, kuma ki faɗi abin da kike yabawa. "Sannu da aiki" kowa na samu. "Na ga yadda ka juya gwangwanayen baya kafin su ƙone" shi ne mutum zai tafi da shi gida.

Sallama tana da wurinta. Mai sata, da wanda ke wulaƙanta na ƙasa da shi bayan an ja masa kunne, ki rabu da su ko da sun fi kowa iya aiki, don zamansu yana koya wa sauran cewa gwaninta tana sayen komai. Amma wanda laifinsa baki ne kawai, ki ba tsarin nan wata biyu ko uku ki gani. Kowace tanda tana da gefen da ya fi zafi, kuma sabon mai gashi sai ya ƙona miki burodi mai yawa kafin ya san naki.