Tambaya da Amsa: Sistocin da Ke Bara Saboda Tsofaffi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga wani bidiyo na sistocin Katolika suna bin 'yan kasuwa suna roƙon kayan miya da burodi, wai don ciyar da tsofaffi. Abin ya ɗaure mini kai. Ba Cocin Katolika ba ce ake cewa tana da dukiya kamar ƙasa? Me zai sa matanta bara? Ko dai wata dabara ce ta tara kuɗi? Daga wata mai bibiyar wannan shafi.

Amsa: Malama, barka kadai. Daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton ƙungiyar Little Sisters of the Poor kika gani, wato Ƙananan Sistocin Matalauta. Aikinsu guda ɗaya ne tak: su ɗauki tsohon da ba shi da galihu su riƙe shi har ranar da zai cika.

Bari in fara da batun dukiya. Mutane da yawa sun ɗauka akwai wani babban asusu a Batikan da ake ɗiba ana rabawa kowane Fada da kowace Sista. Ba haka tsarin yake ba. Kowace ƙungiya ita ke neman abin da za ta riƙe gidajenta da shi. Fafaroma yana amincewa da dokokinsu, amma ba ya biya musu kuɗin wuta da na magani.

Ita wannan ƙungiya, wata Bafaranshiya ce mai suna Jeanne Jugan ta kafa ta. An haife ta a 1792 a Cancale, garin masunta a yankin Biritani na Faransa, kuma teku ya ci mahaifinta tun tana ƙarama. Aikatau ta yi, daga baya ta yi jinya a asibiti. A hunturun 1839, tana da shekara 47, ta tarar da wata tsohuwa makauniya, Anne Chauvin, wadda rabin jikinta ya shanye, ba mai duba ta. Ta goyo ta, ta hau da ita matsattsen benen ɗakin da take haya a garin Saint-Servan, ta kwantar da ita a kan gadonta. Ita kuma ta koma can saman silin tana kwana. Ba a jima ba tsohuwa ta biyu ta zo, sai ta uku.

Nan ne amsarki take. Yawancin tsofaffin nan da bara suke ci. Jeanne ta hana su fita, ta karɓi kwandon ta rataya a hannunta, tana bin gidajen da suka saba zuwa tana cewa ta zo ne a madadin wance. Ma'ana, kunyar miƙa hannu da wulaƙancin bakin ƙofa ta ɗauke wa tsohuwar, ta ɗora wa kanta. Ana ba da labarin wani attajiri da ya gaji da naci ya sharara mata mari. Ta yi godiya, ta ce marin nata ne, saura na tsofaffinta. Ya ba ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne barar ba rashin mafita ba ce. A 1865 an yi musu tayin wata gagarumar wasiyya da za ta riƙa kawo musu kuɗi duk shekara. Aka nemi shawarar Jeanne, ta ce kada a karɓa, a ci gaba da dogara ga abin da Allah ya kawo a yini. Suka bi. Ni dai da aka tambaye ni a ranar, da na ce a karɓa, domin mai baki ɗari a gida ba ya wasa da tabbas. Amma na fahimci abin da ta hango: wanda yake fita roƙo kullum ba ya mantawa da wanda yake yi wa aiki, kuma mahauci da mai gidan burodin da suke bayarwa su ma sun shiga cikin ladar.

Ban ce miki a yau bara kaɗai ke riƙe gidajen ba. A ƙasashe irin su Amurka da Faransa akwai fanshon tsofaffin da tallafin gwamnati, sai dai ba sa isa, roƙon ne ke cike giɓin. Suna kuma da ma'aikatan jinya da ake biya albashi. Sistocin kansu sun ragu a Turai da Amurka, har sun miƙa wasu gidajen ga wasu hukumomi.

Bayan alkawura uku da kowace Sista ke ɗauka, wato talauci da rashin aure da biyayya, su suna ƙara na huɗu: karɓar baƙo. A aikace, ba sa tambayar addinin tsoho kafin su ba shi gado, kuma idan ajali ya matso sukan yi karɓa-karɓa a bakin gadonsa dare da rana don kada ya cika shi kaɗai.

Kin yi zancen dabara. To, an yi dabara, amma ita aka yi wa. A 1843 wani Fada mai suna Le Pailleur ya tsige ta daga shugabanci, daga baya ya riƙa nuna shi ne ya kafa ƙungiyar. A 1852 ya hana ta fita bara ma, aka ajiye ta a hedkwata cikin 'yan mata masu koyon zama Sista. Shekara 27 ta yi a haka, yawancinsu ba su san tsohuwar da suke zaune da ita ce mai gidan ba. Ta rasu a 1879, lokacin sistocin sun kai kusan 2,400. Sai bayan mutuwarta bincike ya tono gaskiya, kuma a watan Oktoban 2009 Fafaroma Benedict na 16 ya ayyana ta a matsayin waliyyiya.