Amsa kan binciken kare lafiyar ma'aikata

Malam, ka tambaya ko binciken da ake yi a ƙasashen waje kan lafiyar ma'aikata yana da amfani ga magini ko mai fasa dutse a nan Damagaram. Yana da shi ƙwarai, sai dai ba kowane ne zai zauna daidai da halinmu ba.

A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara a sanadin aiki, kuma akasarinsu ba hatsari ne ya kashe su ba, cuta ce mai cin jiki sannu a hankali. Mu kuwa sai mun ga jini muke yarda an ji ciwo.

Dubi ƙurar dutse. Tana taruwa a huhu, ta taurara shi, ba ta da magani, kuma tana sa mutum saurin kamuwa da tarin fuka. Bincike ya nuna yayyafa ruwa a inda ake fasa dutsen yana rage ƙurar sosai, ya fi naɗe hanci da rawani nesa ba kusa ba. Na sani, a garin da ruwan sha ma sai an yi layin jarka, wannan shawara tana da nauyi. Amma ai ba dole sai ruwan famfo mai tsabta ba.

Batun zafi ya fi sauƙi. Bayan an auna jikin leburori a Katar, a 2021 aka hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 a watannin zafi. Mai gini a nan zai iya sa a fara da asuba a bazara, a huta da azahar, ba sai ya jira doka daga Yamai ba.