Filogin da ya ƙi shiga da hannu, kar ka sa masa sifana

Toh yarona naga saƙonka, kuma naji daɗi da ka faɗa min gaskiya tun kafin mai motar yazo. Kace Peugeot 504 ɗin dattijon nan ka canza mata filogi huɗu, da can tana ɗan mis ne kawai da safe, yanzu kuma tana tashi amma sai jijjiga kamar injin zai faɗo ƙasa, tana harbi ta kafireta da salansa, sannan filogi ɗaya yayi maka gardama wajen shiga sai da ka danna shi da sifana. Kana tambaya ko sabbin filogin ne jabu.

Bana jin filogin ne. Jijjigar ma bata dameni ba, aikin minti biyar ce, wanda ya tsaya min a rai shine wanda ka danna da sifana, amma bari mu fara da mai sauƙin.

Nasan abinda kayi, ka cire wayoyin guda huɗu gaba ɗaya ka zube su a gefe sannan da ka gama ka mayar da ka. Injin nan wuta tana zagaya shi ne 1, 3, 4, 2, ba 1, 2, 3, 4 ba, kuma yadda ka kwatanta min ɗin nan alamar ka musanya wayar 2 da ta 3 ne, shi yasa take tashi akan silinda biyu, sauran biyun kuma wutar tana zuwa musu lokacin da bawul yake buɗe, harbin da kake ji kenan. Kuma ka riƙe wannan, mutanen Faransa daga baya suke fara ƙirga, silinda ta 1 itace ta wajen kulochi ba ta wajen lagireto ba. Inka ɗauki ta gaba a matsayin ta 1 wajen fara jera waya ko tashi ma ba zatayi ba sai dai tayi ta tari. Ka buɗe murfin distiributa, wani ya ɗan taɓa maka key kaga inda rota take juyawa, ka juya injin da hannu har silinda ta 1 ta cika iska alamar tayimin ta zo daidai, inda bakin rota ya nuna nan ne wayar 1, sauran ka bi su a jere yadda rotar take tafiya. Daga yau kuma waya ɗaya, filogi ɗaya, ka gama ka mayar sannan ka taɓa na gaba. Kuma hular roba ake kamawa a murɗa a ja, ba wayar ba, sbd tana tsinkewa daga ciki ido baya gani.

Yanzu maganar sifana. Kan injin nan, top ɗin, alminiyam ne, filogi kuma ƙarfe ne, duk randa suka yi faɗa alminiyam ne zai sha kashi. Ka tuna motocin nan tun 1975 aka fara haɗa su a Kaduna, wanda ke gabanka ya kai shekara talatin ko fiye ana kwance masa filogi ana ɗaurawa, haƙoran ramin da muke cewa tiredi sun riga sun gaji, ga shi a 504 filogin yana can ƙasan bututu mai zurfi baka ganin yadda ya zauna, hannunka ne idonka. Shi yasa nake sa ku nemi guntun tiyo na roba ku cusa kan filogin a ciki ku fara murɗawa da shi, in ya hau daidai zaka ji yana tafiya sumul zagaye biyar shida ba tare da ƙarfi ba, in ya karkace tiyon zai zame kafin ya ci haƙori ko ɗaya. Sifana bata da wannan tausayin. Sai filogi ya zauna da hannu sannan take shigowa, sabo mai wosha ka ƙara masa kamar rabin zagaye, wanda aka taɓa ɗaurawa woshar ta riga ta lotsa ɗan taɓawa kaɗan ya ishe shi, in kana da sifanar awo wajen 25 zuwa 30 Nm kenan a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ba ƙarfi ake nunawa a wurin ba.

Ni ma ina yaro na taɓa cinye tiredi haka, injin da zafinsa mai mota yana tsaye a kaina yana sauri, sai da aka sauke top aka kai wajen masu injin sassaƙa ƙarfe suka sa masa sabon gida, ga kuɗin gasket, ga kwana biyu motar haya tana kwance mai ita da iyali. Har yau ina jin nauyin abin. Tun daga nan bana kwance filogi a kan alminiyam sai injin ya huce har zan iya ɗora tafin hannuna in bar shi.

Abinda zakayi da safe, injin a sanyaye, ka fara hura ramin da iska tukunna, yanzu lokacin hunturu ne ƙura ta cika ko ina, duk yashin da ke bututun nan inka zare filogi cikin silinda zai faɗa ya dinga goge ring. Ka kwance wancan filogin a hankali ka duba haƙoransa a rana, inka ga ɓurɓushin fari yana ƙyalli a jiki toh ya ci. In haƙori biyu uku ne na sama ana iya gyara su da abin gyaran tiredi a shafa masa giris ya kwaso ɓurɓushin, amma kar ka gwada wannan kai kaɗai, ka jirani.

Sannan ina tsofaffin filogin? Dan Allah kar kace min ka watsar. Su ne zasu gaya mana abinda ya kawo motar tun farko, mis ɗin safen nan, shi yasa nake cewa a jera su akan kwali yadda aka ciro su. Wanda bakinsa yayi ruwan ƙasa ko toka toka lafiya lau, silindar tana ƙona mai yadda ya kamata. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya fetur ne yayi yawa, ka duba choke ko ya maƙale, ka duba filtar iska, ka duba kafireta, in duka huɗun haka suke kusan kullum can matsalar take. Baƙi mai jiƙe da maiƙo kuma baƙin mai ne yake hawowa ta ring ko ta gefen bawul, wannan ko filogin zinare ka sa bayan sati biyu zai dawo, gara ka faɗawa mai motar tun yanzu kar yace aikinka ne bai yi ba. Amma ka lura, in man a jikin farin tangaran ɗin yake ta waje ba a baki ba, robar bututun ce take yoyo, wannan ƙaramin abu ne. Wanda yayi fari fat har ya fara ƙuraje zafi ne yayi masa yawa, ko mai yayi kaɗan ko tayimin yayi gaba, shi nafi tsoro dan yana iya huda fistin. In kuma ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi alhali ƴan uwansa da datti, ka duba ruwan lagireto, gasket ne yake sakin ruwa.

Ka auna gaf ɗin sabbin kuwa, wato tazarar dake bakinsu inda wuta take tsallakawa? Motar kontak ce wutarta bata da ƙarfin ta zamani, wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 take so, da fila geji ake aunawa ba da farce ba, kuma ƙugiyar waje ake lanƙwasawa ba'a taɓa tsinken tsakiya. Ka turo min lambar dake jikinsu ma. Irin BP6ES na kamfanin NGK, B ɗin kaurin tiredi ne milimita 14, E ɗin tsawonsa milimita 19, 6 ɗin kuma zafinsa ne, a NGK lamba in ta hau filogin yafi sanyi, a Bosch kuma akasin haka, kaga baza ka je kasuwar Ƙofar Ruwa kace a baka mai lamba shida kawai ba. Filogi gajere ya bar haƙoran ƙasa suna tara gawayi, dogo kuma fistin ya same shi.

Ka kira dattijon yau kace masa motar zata kwana, ka gaya masa dalili yadda ka gaya min, kar ka ɓoye komai. Wayoyin ka gyara su da kanka, wancan ramin kuma ka toshe shi da tsumma mai tsafta, insha Allah bayan azahar ina gareji mu duba shi tare.