Amsa ga Malamar da ke son koya wa yara magana da batun kyautar ƙoda

Assalamu alaikum. Malama, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na taso daga makaranta na samu zama, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kina koyarwa a ƙaramar sakandare a nan cikin Katsina, yaranki ba sa iya tsayawa gaban aji su yi magana ko ta minti ɗaya, kina so ki ɗauko batun bayar da sassan jiki, kamar ƙoda, ki koya musu magana da shi, amma kina gudun kada ya yi musu nauyi ko iyaye su fahimce ki a baibai. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce ki haƙura, ki koma kan "likita da malami wa ya fi amfani". Ni dai ban goyi bayan haka ba. Shekarata goma sha shida ina riƙe da ƙungiyar muhawara, sau huɗu ina ɗauko wannan batu, sau ɗaya kuma ya ɓaci a hannuna. Zan gaya miki duka.

Matsalar tsofaffin batutuwan nan ita ce hadda. Yayan yaro ne ke rubuta masa, shi kuma ya haddace. Zai fito ya gaida shugaban taro, ya gaida alƙalai masu adalci, ya gaida mai kula da lokaci da abokan karawa, rabin lokacinsa ya tafi a gaisuwa. Da ya manta kalma ɗaya shi ke nan, sai ya ƙura wa silin ido, don babu komai nasa a cikin maganar da zai kama ya miƙe. Batun ƙoda ba haka yake ba. Da wuya ki samu aji a garin nan da babu yaron da ya san mai ciwon ƙoda, ko a gida ko a unguwa, ko ya ji ana neman taimakon kuɗin wankin ƙoda a rediyo ko bayan sallah a masallaci. Yaro in yana da abin faɗa, bakinsa yakan buɗe.

Ranar farko ba na rubuta maudu'i a allo, ba na raba su gida biyu. Labari nake ba su, da Hausa. Wani magidanci ƙodojinsa biyu sun daina aiki, sau biyu ko uku a mako ana ɗora shi a na'ura wajen awa huɗu ana tace masa jini, an sayar da gona, an sayar da babur. Likita ya ce mafita ita ce dashe. Aka gwada 'yan'uwa, ta ƙaninsa ce ta dace. Ƙanin nan birkila ne, da ƙarfinsa yake ciyar da mata da 'ya'ya huɗu. Matarsa ta ce ba ta yarda ba. Sai in tsaya nan. In nuna yaro in ce, kai ne ƙanin, me za ka ce wa matarka? In nuna yarinya in ce, ke ce matar, me za ki ce wa surukarki in ta zo tana kuka? Kowa ya amsa daga inda yake zaune, jimla biyu ta isa. Mako na gaba ya miƙe a wurin zamansa. Sai a mako na uku yake fitowa gaban allo, lokacin nan ajin ya riga ya saba da muryarsa, shi ma ya saba da ita.

Akwai abin da littattafan koyon magana ba su san da shi ba game da yaranmu. Ana yi wa Katsinawa kirari da kunya gare ku ba tsoro ba, kuma a aji na ga gaskiyar wannan. Yarinyar da ta sunkuyar da kai ba lallai tsoro take ji ba, tarbiyyar gida ce, an hana ta kallon tsabar idon babba. In kika daka mata tsawa kika ce ta kalle ki, kin sa ta zaɓa tsakanin ke da mahaifiyarta. Abin da nake yi, nakan bar gaban aji in koma can baya in zauna, don sa'o'inta za ta kalla ba ni ba. Nakan ce ta zaɓi wuri uku, taga ta dama, agogon bango, ƙofa, ta riƙa raba musu kallo. Masu rufe baki da gefen hijabi kuma nakan ba su alli su riƙe a hannu ɗaya, ƙaramar takarda a ɗayan. Takardar kada ta wuce kalma uku, don in kika bari suka rubuta jimla karatu za su yi miki.

Sai an yi mako biyu ana labari nake kawo musu ilimin abin, shi ma kaɗan, shafi ɗaya. Cewa mutum yana iya rayuwa da ƙoda ɗaya in lafiyayya ce, amma tiyata ce babba, ba cire ƙaya ba. Cewa dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi a 1954 a birnin Boston na Amurka, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, kuma dalilin nasarar shi ne jikin ɗaya bai ɗauki ƙodar ɗan'uwansa a matsayin baƙuwa ba. Wanda ba tagwai ba kuwa, bayan dashe sai ya riƙa shan maganin da ke hana jikinsa yaƙar ƙodar har ƙarshen rayuwarsa, kuma maganin kuɗi ne. A Najeriya an fara dashen a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002. Yara suna jin daɗin wannan na ƙarshe, don Kano ce, ba wata uwa duniya ba.

Abu ɗaya kada ki jinkirta shi, ki faɗa tun ranar farko: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a cire wa wanda bai kai shekara 18 ba wani sashe na jiki da ba ya sake tsirowa, ta kuma hana saye da sayar da sassan jikin mutum. Ki maimaita musu har sai kin ga ya zauna. Akwai yaron da zai koma gida ya kasa barci yana tunanin ko wajibi ne ya ba babansa tasa. Dole ya san cewa ba shi ake nufi ba, kuma babu mai ikon nema a wurinsa.

Kan addini, Malama, kada ki ba da fatawa, kada kuma ki bar yara su ba da ita. Ni nakan gayyato malamin addini na makarantar ya zauna da mu. Abin da nake so su riƙe shi ne malamai sun duba wannan mas'ala sun yi saɓani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, daga ciki har da yardar mai bayarwa da kuma kada a cire abin da rayuwarsa ta dogara a kai, ta kuma haramta sayarwa. Shehu Sha'arawi na Masar kuwa ya tsaya a kan cewa jiki mallakar Allah ne, ba a kyauta da abin da ba naka ba. Masu halattawa suna kawo ayar Suratul Ma'ida, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne. Masu hanawa suna kawo hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Yaron da ya iya kawo waɗannan biyun da ladabi, bai zagi kowa ba, ya koyi abin da manya da yawa a kafafen sada zumunta ba su koya ba. In kina da ɗalibai Kirista, ki ba su dama su faɗi abin da aka koya musu, ajin ya saurara.

Yanzu ga inda na yi kuskure. Shekarar da na fara, gasa na mai da abin, da maki da kyautar biro da littafi. Ban tambayi kowa halin da gidansu yake ciki ba. Wani yaro mai kaifin baki, yana son ya ci, ya ɗaga murya ya ce duk wanda ɗan'uwansa ke kwance ya hana shi ƙoda, to shi ya kashe shi, ba ciwo ba. Aji ya ɗauki tafi. A benci na uku ta wajen taga akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha uku, na ga ta kifa kai a kan jakarta, kafaɗunta suna rawa, ba ta fitar da sauti ba. Bayan an tashi ƙawarta ta gaya mini mahaifinta ya rasu watanni kaɗan da suka wuce da wannan ciwo, kuma an gwada baffanta, ƙodarsa ta dace, ya ce ba zai iya ba. A gidan baffan take zaune, shi ke biya mata kuɗin makaranta. Magana zarar bunu ce. Na je gidan na ba mahaifiyarta haƙuri, amma sai da yarinyar ta yi mako guda ba ta zo ba, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Laifin ba na yaron ba ne, ni na koya masa cewa burin magana shi ne a kayar da abokin karawa.

Daga nan na canza abu biyu. Kafin in fara, nakan ce duk wanda ke da majinyaci ko aka yi masa rashi ta wannan ciwo ya same ni a ofis shi kaɗai, ya zaɓa ko zai yi magana, ko zai saurara, ko zai riƙe agogo. Na kuma kafa doka: ba ka da izinin kawo hujjarka sai ka fara maimaita hujjar wanda ya gabace ka, da kalmominka, har ya ce "haka nake nufi". In ya ce ba haka ba ne, ka sake. Da farko yara sun tsani dokar nan, don tana cin lokaci kuma tana hana burga. Amma ita ce ta fi komai gyara musu magana. Dole ka kasa kunne maimakon ka zauna kana bitar haddarka, dole ka ƙirƙiro jimla nan take, kuma wanda ya faɗi dalilin matar birkila da bakinsa, cewa tana tsoron a mai da 'ya'yanta marayu, ba zai iya juyowa ya kira ta muguwa ba.

'Yan aji uku nakan kai su kan batun kuɗi, nan ne muhawarar ke yin zafi na gaske. Nakan ba su labarin tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara tara da wata takwas a 2023, kan kai wani matashi mai talla a titin Legas don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsa marar lafiya. Ba a kai ga yin tiyatar ba, likita ne ya ga alamar matashin bai fahimci abin da ake shirin yi masa ba. Nakan kuma gaya musu cewa ƙasar Iran ta daɗe da tsarin da hukuma ta amince a biya mai bayar da ƙoda. Sai in tambaya: mutumin da yunwa ta sa ya ce na yarda, ya yarda kuwa? Wani yaro ɗan mai faskare ya taɓa miƙewa, ba takarda, ya ce shi bai taɓa jin an sayi ƙodar mai kuɗi ba. Ya yi shiru, ya zauna. Jimla ɗaya, amma har na bayan aji sun daina motsi. Wata yarinya kuma ta amsa masa da cewa uban da 'yarsa ke mutuwa a gabansa shi ma abin tausayi ne, sai dai tausayinsa bai ba shi jikin ɗan wani ba. Babu wanda ya rubuta musu waɗannan.

Bayar da sassan jiki bayan mutuwa ina barin sa ga 'yan babbar sakandare, don yana jawo maganar yaushe ake cewa mutum ya mutu, ga kuma al'adarmu ta gaggauta jana'iza, ya fi ƙarfin ƙananan.

Kan murya, ki nemo jawabin marigayi Abubakar Tafawa Balewa a wayarki, ki gaya musu a Kwalejin Katsina ya yi karatu, a nan garin yaran, sannan na marigayi Maitama Sule Ɗanmasanin Kano. Kada ki ce su kwaikwaye su. Ki ce su ƙirga sau nawa mai maganar ya yi shiru cikin minti ɗaya. Za su yi mamaki, don su a ganinsu iya magana shi ne gudu. Turanci kuma ya zo daga baya: jawabin da yaro ya riga ya yi da Hausa ya mallake shi, shi zai sake yi da Turanci, ba sabo ba.

Tsoronki game da iyaye yana kan hanya, kada ki raina shi. A lokacin da ake ta jin labarin ɓatan yara da masu cire sassan jikin mutane, yaro ya koma gida ya ce Malama tana mana maganar cire ƙoda, kin san abin da zai biyo baya. Ki fara samun shugaban makaranta, sannan ki rubuta 'yar takarda da Hausa ga iyaye, ki bayyana cewa darasin koyon magana ne, babu abin da ake nema a jikin kowa, malamin addini zai kasance a wurin, kuma duk uban da ke so ya zo ya saurara. Ni sau biyu iyaye suna zuwa, ɗaya ma'aikaciyar jinya ce, ta ƙare da amsa tambayoyin yara har aka kaɗa ƙararrawa.

In kin tsayar da ranar da za su fara fitowa gaban allo, ki sanar a nan. In ranar ba ni da darasi da safe, in sha Allahu zan zo in zauna a bayan ajin, in kuma kawo miki shafin nan ɗaya da nake raba musu. Allah ya taimaka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.