Dillalin tallafi ya nemi kashi 10: mu ba shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu a Gadarif, ƙasar Sudan, muna da rajistar HAC, hukumar gwamnati mai kula da ayyukan agaji. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 'yan gudun hijira suka cika unguwa, famfunan tuƙa-tuƙa uku kuma sun mutu. Sau biyu muna rubuta takardar neman tallafi, shiru. Yanzu wani simsar, wato dillali, ya ce yana da wasta, wato hanya a wurin manya, mu ba shi kuɗin fom, in an samu ya ɗauki kashi 10. Dattawa sun tasa ni gaba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ba shi ko sisi. Asusun jinƙai na Sudan da OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan agaji, ke gudanarwa ba ya sayar da fom, haka duk mai bayarwa na gaskiya. Wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta manhajar banki ta Bankak don a buɗe maka fayil, aljihunsa ya buɗe.

Wannan kashi 10 ya ishe ni, kullum sai an kawo mana shi kamar wata sunna. Ka zauna ka yi lissafi. A ce an ba ku dala 20,000, ya zare 2,000. A wane layin kasafi za ka rubuta su? Babu layin dillali. Kuɗin gudanarwa da irin wannan asusu yake yarda da shi bai wuce kashi 7 ba, shi ma da wurin zuwansa. Ranar da mai binciken kuɗi ya ce kawo rasit, ko ka ƙirƙiro na jabu ko ka rage bututu. Sa hannunka ne a takardar. Simsar ya kashe waya ya koma Kasala. Ƙungiyar ake rufe wa ƙofa shekara da shekaru, amanar masu ƙishirwa kuma kai za a tambaya gobe kiyama. Takardar da zai rubuta muku ma, ita ya sayar wa ƙungiyoyi da dama, sunan gari kawai yake canjawa, masu tantancewa kuwa sun haddace ta.

Ina kyautata zaton alƙaluma ne suka kayar da ku. Ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji ke bi, ya ce famfon hannu ɗaya na mutum 500 ne, kowa ya samu aƙalla lita 15 a rana. Famfo uku, mutum 1,500 ke nan. In ka rubuta mutum 20,000 don a ji tausayi, nan mai karatu zai ajiye takardar. Ku ƙidaya gidaje, ku ware mata da yara, da 'yan gida da baƙi, ku faɗi ranar ƙidayar.

Kasafi kuwa ƙwaya-ƙwaya: silinda nawa, sanduna da bututu nawa, ladan makaniki, haya. Ku karɓo farashi daga shaguna uku, ku rubuta canjin dala na ranar, don fam ɗin Sudan ba ya zama wuri ɗaya. Ku faɗi wanda zai gyara famfon bayan aiki ya ƙare, da abin da za a riƙa karɓa a kan jarka.

Ka sabunta rajista, asusun banki ya zama da sunan ƙungiya da sa hannun mutum biyu. Asusun OCHA sai ya tantance ƙungiya kafin ta nema, saboda haka ƙarama irin taku ta fara shiga ƙarƙashin babbar ƙungiyar gida da aka riga aka tantance, da yarjejeniya a rubuce.