Kano zuwa Guangzhou awa nawa ne?

Ƙanina, saƙonka ya iso. Tambayar taka ita ce dai wadda kowa ke fara yi: "Yaya, awa nawa ne a jirgi?" Ba mai tambayata kuɗin hayar ɗaki ko wahalar sabunta biza. To, ga lissafin.

Tsakanin Kano da birnin Guangzhou na ƙasar Sin kusan kilomita 11,000 ne in a miƙe za a bi, amma babu jirgin da ke miƙewa, dole a ya da zango. Da yawa daga 'yan kasuwar Kantin Kwari masu zuwa sarin kaya ta Adis Ababa suke bi: awa huɗu da wani abu daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Bole na Adis Ababa, sannan sama da awa goma daga can zuwa Baiyun, filin jirgin Guangzhou. Wasu kan bi ta Doha ko Alƙahira. A dunƙule, wajen awa 15 kake yi a sama, shi ya sa kuke cewa ai kusa ne, motar Kano zuwa Legas ma ta fi haka daɗewa.

Abin da ejan ba zai faɗa maka ba shi ne zaman jira. Duk tikitin da ka ga ya yi araha, duba ratar da ke tsakanin jirage biyun. Akwai kamfanin da ya taɓa shanya mu dare guda a kan kujerun ƙarfe, sanyi na dukan mu, dattijo ɗaya ya shimfiɗa dardumar sallarsa ya lulluɓa da babbar riga, ko ruwan shayi ba su ba mu ba. Muka iso, jakata ba ta iso ba. Saboda haka fasfo, katin rigakafin shawara, magani da kaya kala ɗaya su zauna a jakar hannunka.

Sai agogo. Sin ta riga Najeriya da awa bakwai. Lokacin da kuka idar da isha'i kuka zauna hira, nan dare ya raba har ya gangara, amma a lokacin ne za ku kira, in ban ɗauka ba a ce na samu duniya na manta da gida. Kai ma makon farko za ka yi ta gyangyaɗi da rana, ido ƙur da dare.

Amma nisan gaske ranar rasuwa ake saninsa. Da Kawu ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ni kuwa ko farashin tikiti ban gama dubawa ba. Ko da kuɗin na hannuna, sai dai in tarar da zaman makoki. Duk da haka aka samu masu cewa, "Ai jirgi ne, me ya hana shi?" Har yau maganar nan tana ci mini rai. Da gumina na kafa harkar nan, ba wanda ya tarbe ni, kuma kuɗin zuwa da dawowa jarin wani ne sukutum.

In ka ƙudura zuwa, kada ka baro gida sai da kuɗin komawa a ajiye daban. Ka sauke WeChat, manhajar aika saƙo ta 'yan Sin, tun a Kano, don WhatsApp da Facebook a toshe suke a nan. In ba otal ka sauka ba, doka ta ce ka yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24 da isowarka. Ka turo mini hoton tikitin kafin ka biya ejan ko kwabo.