Wace Lasifika Ce Ta Dace da Ƙaramin Ɗakin Haɗa Sauti?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin sutudiyo a Mabera, Sakkwato, inda nake haɗa waƙoƙi da tallace-tallacen rediyo. Aikin yakan yi daɗi a ɗakina, amma in aka kunna shi a mota sai ganga ta danne murya. Wace lasifika zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, lasifikar biki ƙawata sauti take yi, alhali mai haɗa sauti yana buƙatar wadda za ta fito masa da aibin aikinsa ƙarara. Saboda haka nemi lasifikar sutudiyo ta kusa, wadda ake zama tazarar mita 1 zuwa 1.5 daga gare ta. A ƙaramin ɗaki, lasifikar da faɗin babban bakinta inci 5 ne ta wadatar, kamar Yamaha HS5 ko JBL 305P, domin mai inci 8 takan cika ɗaki da rugugin da bango ke maidowa, har ka kasa tantance nauyin ganga.

Yadda ka ajiye su ya fi sunan kamfani muhimmanci, a ganina. Nisan da ke tsakanin lasifikun biyu, ta dama da ta hagu, ya zama daidai da nisan kowace zuwa kanka, ƙaramin bakin da ke sama kuma ya daidaita da kunnenka. HS5 da 305P ramin iskarsu a baya yake, don haka kada ka manna su da bango.

Ka haɗa su da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta, kuma ka riƙa rufe su da ƙyalle lokacin hunturu, domin ƙurar Sakkwato ba ta raga wa kayan lantarki.